Lemon 'ya'yan itace na taro a lokacin zafi: a haɗa tun dare ko sai ranar?

Autar Mata:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawarar waɗanda suka saba nake nema. An ɗora min nauyin abin sha na wani taro, mutum wajen 40, manya da yara, kuma a waje za a zauna ga wannan zafin. So nake in haɗa lemon 'ya'yan itace da hannuna, wanda babu ko ɗigon barasa a ciki. Kankana da abarba da lemon zaƙi nake da niyyar sakawa. In haɗa tun dare ne ko sai da safe? Yaya zan yi ya daɗe da sanyi ba tare da ƙanƙara ta mayar da shi tsararo ba? Kuma lita nawa zai isa?

Maman 'Yan Biyu:
Wa'alaikumus salam. Auta, haɗa abinki tun dare ki jefa a firji. Ranar taro aiki yawa gare shi, ba ki da lokacin tsayawa matsar lemo. Ni haka nake yi, kuma ban taɓa jin wanda ya yi ƙorafi ba.

Mai Girkin Taro:
Maman 'Yan Biyu, ki yi haƙuri, a nan kam ban bi ki ba. Baƙo ba ya ƙorafi, sai dai ya ajiye kofin rabi ya yi shiru. Ni da nake kwashe kofuna bayan an watse, na san wanda ya kwana da wanda aka haɗa ranar. Lemon zaƙi idan aka matse shi ya kwana, ɗaci yake yi. Ruwan kankana kuma ƙamshinsa canzawa yake yi, ya koma kamar na ɗanyen ganye, sannan ya rabu biyu, ja a ƙasa fari a sama.

Auta, ga yadda nake raba aikin. Abin da ake yi tun dare shi ne ruwan sukari, ruwan citta idan za ki saka, da ƙanƙara. Za ki iya fere abarba ki yanka ki rufe a firji. Amma markaɗe da matsa sai ranar, awa biyu ko uku kafin mutane su zo. Ruwan soda kuwa sai an zo zubawa.

Maman 'Yan Biyu:
To ai rabuwar kankana ba wani abu ba ce, juyawa ɗaya da ludayi ta koma daidai.

Mai Girkin Taro:
Rabuwar tana gyaruwa, gaskiya ne. Ɗacin ne ba ya gyaruwa.

Malamin Kimiyya:
Ku ba ni dama in sa baki. Abin da Hajiya Mai Girki ta faɗa game da ɗaci yana da dalili. A cikin lemo akwai wani sinadari da ba shi da ɗanɗano muddin lemon yana a dunƙule. Da zarar an matse, ya haɗu da tsamin ruwan, sai a hankali ya rikiɗe ya zama wanda ake kira limonin, shi kuma ɗaci gare shi sosai. Ba nan take yake faruwa ba, sai an ɗauki sa'o'i, shi ya sa za ki ɗanɗana da dare ki ji garau, da safe ki ji wani abu daban. Sanyin firji yana rage saurinsa, amma ba ya tsayar da shi. Kuma lemo iri-iri ne, wani ya fi wani. Mai cibiya ɗin nan marar 'ya'ya ya fi kowanne saurin yin ɗaci, don haka ya fi kyau a sha shi a ɓare da a matse shi a ajiye. Wataƙila irin da Maman 'Yan Biyu take samu ba mai saurin juyawa ba ne, shi ya sa ba ta lura ba.

Sai kuma a kula da matsar. Farin da ke tsakanin ɓawo da tsoka, da 'ya'yan, nan ɗacin ya fi taruwa. Duk wanda ya jefa lemo da farinsa da 'ya'yansa a bilenda ya riga ya ɓata abinsa tun kafin a je ko'ina.

Maman 'Yan Biyu:
Malam ya raba gardama ke nan, kowa ya samu rabonsa. Amma ni dai har yanzu ina ganin idan mutum shi kaɗai ne, ba mai taya shi, gara ɗan ɗaci da a zo taro ba abin sha.

Hajiya Babba:
'Ya'yana, duk kun tsaya kan ɗanɗano, kun bar babbar magana. Yarinyar nan cewa ta yi ba ta son ko ɗigon barasa. To ruwan 'ya'yan itace mai sukari idan aka bar shi cikin ɗumi, da kansa yake fara juyawa, ba sai an zuba masa komai ba. Za ki ga kumfa ta taso a sama, ki ji wani tsami-tsami yana dukan hanci, idan a gora ne ki ga ta kumbura tana huci in an buɗe. Abarba ta fi kowa wannan halin, musamman idan an haɗa da ɓawonta. Wanda zai haɗa tun dare ya tabbatar firjinsa zai riƙe sanyi har gari ya waye. Idan babu tabbas, kada ma a fara.

Malamin Kimiyya:
Hajiya ta yi gaskiya. A jikin ɓawon 'ya'yan itace akwai yis na halitta, ɗan uwan wanda ake sa wa burodi. Abincinsa sukari ne, abin da yake fitarwa kuma iskar gas da barasa. Zafi ne yake ƙara masa kuzari. A ƙasar Meziko akwai abin shan da suke kira tepache, da gangan suke jiƙa ɓawon abarba da sukari su bar shi kwana biyu zuwa uku ya yi wannan juyawar. Ke nan wanda ya jiƙa ɓawon abarba ɗanye a ruwan sukari ya ajiye a kicin mai zafi, hanyar nan ya kama ko bai sani ba. Idan ana son ƙamshin ɓawon, a wanke shi sosai a tafasa, tafasar tana kashe yis ɗin, sai a tace a bari ya huce a sa a firji.

Ɗan Zaure:
Wato mutum zai iya buɗe masana'antar giya a gidansa bai sani ba? Allah ya kiyaye. Auta, ki bi a hankali kada kawunnai su tashi suna tangaɗi.

Autar Mata:
Yaya Ɗan Zaure ba ka rabo da tsokana. Na gode Hajiya, wallahi wannan bai zo min a rai ba. To awa nawa zai iya yi a waje kafin ya fara?

Anti Nas:
Auta, kafin yis ya kai ga yin wani abin kirki, ƙwayoyin cuta sun riga shi, su ya kamata ki fi tsoro. Ƙa'idar da hukumar abinci da magunguna ta Amurka take bayarwa ita ce, abin da ke buƙatar sanyi kada ya wuce awa 2 a waje, idan kuma zafin ya haura digiri 32 to awa 1 ce kawai. Firji kuma ya kasance digiri 4 ko ƙasa da haka. Kankana tana cikin masu hatsari saboda ba ta da tsami. Abarba da lemon tsami tsaminsu yana ɗan taka wa ƙwayoyin cuta birki, ita kuwa kankana ruwa ce da zaƙi zalla, wurin da suke so ke nan.

Abu na biyu, ki wanke bayan kankanar da ruwa mai tsabta ki goge kafin wuƙa ta taɓa ta. A ƙasa take kwance tun daga gona, wuƙar ce take ɗauko dattin baya ta shigar da shi ciki. A shekarar 2011 a Amurka wata 'yar uwar kankana mai kaushin baya ta yaɗa cutar listeriya, mutum 33 suka mutu. Ba don in tsorata ki ba, don dai ki ga wankin nan ba ƙa'idar banza ba ce.

Dabarar da ta fi sauƙi, kada ki fito da duka lokaci ɗaya. Ki riƙa fitowa da jug ɗaya ko biyu, sauran suna cikin sanyi. Kuma kada a zuba sabo a kan ragowar tsoho.

Mai Girkin Taro:
Wannan ta ƙarshen a ja mata layi. Masu taya aiki sun fi son su ƙara a kai don kada su wanke jug.

Bari in amsa maganar yawa. Kofi na yau da kullum mililita 250 ne. A zafi ina lissafa wa kowa kofi uku, mutum 40 ke nan lita 30. Amma idan akwai ƙanƙara a kofunan, kuma an ajiye ruwan sha mai sanyi a gefe, lita 20 za ta kai ki. Ruwan shan nan kada ki manta da shi. Mai ƙishirwa idan bai ga ruwa ba, da lemonki zai kashe ƙishirwarsa, kofi biyu a tsaye kafin ya zauna.

Ma'aunina na lita 10: ruwan kankana lita 5, ruwan abarba lita 2, ruwan lemon tsami rabin lita, ruwan sukari rabin lita, sai soda ko ruwan sanyi lita 2. Ki ninka biyu. Za ki lura ban sa lemon zaƙi ba. A ganina idan kankana da abarba suna ciki, ba a jin sa, wahalar matsa kawai za ki sha, ga kuma hatsarin ɗaci. Lemon tsami shi ne yake tayar da kankana. In babu shi, komai zaƙinta lami za a ji.

Ruwan sukarin kofi ɗaya na sukari ne da kofi ɗaya na ruwa, a ɗora a wuta har ya narke, ba sai ya yi ta tafasa ba. Kada ki zuba garin sukari kai tsaye a abu mai sanyi, ƙasa zai kwanta, na farko su sha salam, na ƙarshe su sha maɗi. Kuma kada ki juye rabin litar gaba ɗaya. Zuba rabi ki ɗanɗana, domin kankanar yau ba ta jiya ba ce.

Baƙon Zaure:
Na taɓa karanta wani tsohon ma'auni na mutanen tsibiran Karibiyan: kashi 1 na tsami, 2 na zaƙi, 3 na mai ƙarfi, 4 na ruwa. Su mai ƙarfin nasu barasa ce, amma ba sai a musanya da ruwan abarba ba? Ya fi sauƙin haddacewa.

Mai Girkin Taro:
Malam, idan ka bi shi haka zaƙi zai hana a sha. Abin da suke sakawa a kashi ukun nan ba shi da sukari, shi ya sa suka ba zaƙi kashi biyu. Kai kuma ka kawo abarba mai nata zaƙin ka ɗora a kai. Idan dole sai ka bi tsarin, ko dai ka mayar da zaƙin kashi ɗaya, ko kashi ukun ya zama baƙin shayi mai ƙarfi da ya huce, ba sukari.

Maman 'Yan Biyu:
Shayi a cikin lemo? Wannan kuma sabon salo.

Mai Girkin Taro:
Gwada ki gani. Matsalar lemon 'ya'yan itace ita ce zaƙi a kan zaƙi, babba ya sha kofi ɗaya ya ji ya gundure shi. Ɗan baurin shayi yana ba shi nauyi a baki, ya sa a nemi ƙari. Amma minti huɗu ko biyar kawai za a bar ganyen a ruwan zafi, in ya wuce haka baurin ya yi yawa. Wanda ya fi ma shi ne a jiƙa ganyen a ruwan sanyi a bar shi a firji ya kwana, ba ya bauri kuma ba ya dusashewa. Ga aikin dare na samo miki, tunda kina so.

Anti Nas:
Sai dai a tuna akwai yara, shayi kuma yana da sinadarin hana barci. A yi na manya daban idan za a saka.

Malamin Kimiyya:
Ban ga an amsa tambayar ƙanƙara ba, kuma ita ce ta fi ba mutane wahala. Abin da ya kamata a fara ganewa shi ne, ƙanƙara da narkewa take sanyaya abu. Zafin da take zuƙa kafin ta narke ya kai ninki 80 na wanda ake buƙata a ɗaga ruwa mai nauyinta da digiri ɗaya. Saboda haka babu ƙanƙarar da za ta sanyaya miki lemo ba tare da ta zama ruwa ba. Idan kin zuba ta a lemo mai ɗumi, dole ta narke da yawa. Maganin shi ne komai ya yi sanyi tun kafin a haɗa: kankanar ta kwana a firji, sodar ma haka. Sai aikin ƙanƙara ya zama riƙe sanyi kawai.

Na biyu, babban dunƙule ɗaya ya fi ƙanana ɗari daɗewa, don fuskar da ke taɓa ruwan ba ta da yawa idan aka gwada da girmansa. Ki samu roba mai faɗi ki daskarar da ruwa a ciki. Na uku, wanda ni na fi so, ƙanƙarar kanta ta zama lemo. Ki ɗibi ruwan abarba ki daskarar, ko ki yanka kankana gutsi-gutsi ki cire 'ya'yan ki sa a gidan ƙanƙara. Kankana kusan kashi 92 cikin ɗari ruwa ce, tana daskarewa tamau, in ta narke kuma ba ta rage komai ba.

Hajiya Babba:
Ni kuma dabarata ta tsofaffi ce, ƙanƙara ba ta shiga cikin lemon sam. A zuba lemon a goruna masu murfi, a jera a kula, a cika da ƙanƙara da ɗan ruwa, a watsa gishiri. Sanyin da yake yi har haƙori sai ya amsa. Kuma ba ruwanki da ko da wane ruwa aka yi ƙanƙarar, tunda ba cikin kowa za ta shiga ba.

Anti Nas:
Hajiya, wannan ta ƙarshen ita ce ta fi burge ni. Daskarewa ba ta kashe ƙwayoyin cuta, kwantar da su kawai take yi. Ƙanƙarar da ba ki san asalin ruwanta ba, wajen gora ne wurinta.

Malamin Kimiyya:
Gishirin yana sa ƙanƙara ta narke a ƙasa da digiri sifili, shi ya sa ruwan kular yake fin ƙanƙara zalla sanyi. Sai dai zai cinye ƙanƙarar da wuri, don haka ya fi amfani idan ana gaggawa. Wanda kuma zai daskarar da gora ya bar sarari a sama, ruwa yana ƙara girma da kusan kashi 9 cikin ɗari idan ya daskare. Kwalbar gilashi da ta soda kada su shiga gidan ƙanƙara ko kaɗan.

Autar Mata:
Ina ta rubutawa. Wata ƙawata ta ce in zuba madara ya yi kauri, yara sun fi so. Ya kuka gani?

Mai Girkin Taro:
Kul! Madara da ɗanyar abarba ba sa zama inuwa ɗaya.

Malamin Kimiyya:
Abarba tana da wani sinadari, buromelin, mai farfasa furotin. Shi ne yake sa harshe ya yi zafi-zafi idan an sha ta da yawa. Idan ya samu madara sai ya farfasa furotin ɗinta, ta guntse ta yi ɗaci. Wanda ya markaɗa ya shanye nan take ba zai ji ba, amma abin da zai zauna a jug ana jiran baƙi, zai juya. Gwanda da kiwi ma suna da irin nasu. Zafi yana kashe shi, shi ya sa abarbar gwangwani ba ta yin haka. Amma ko an dafa abarbar, ga lemon tsami rabin lita a ciki, shi kaɗai ya isa ya tsinka madarar. Idan kauri ake so, mangwaro ya fi. Markaɗa biyu ko uku a tace zaren, zai ba da jiki ba tare da wata fitina ba.

Maman 'Yan Biyu:
Ko ayaba.

Mai Girkin Taro:
Ayaba baƙi take yi, kuma ƙamshinta danne kowa yake. Haka tuffa, da an yanka ta fara ja. Idan don ado za a sa yankan tuffa, a tsoma su a ruwan lemon tsami tukuna.

Anti Nas:
Tunda an zo kan yara, ga nawa. Jaririn da bai shekara ba ba a ba shi zuma, ko ɗanya ko a cikin abin sha, saboda wata cuta mai shanye jiki da take iya kama hanjin jarirai. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ma tun 2017 ta ce kada a ba ɗan ƙasa da shekara ɗaya ruwan 'ya'yan itace gaba ɗaya. Sannan masu jefa inibi a dunƙule cikin jug don ado, su sani yana maƙale wa ƙananan yara a maƙogwaro. A tsaga shi ta tsawo, ko a bar shi.

Manya kuma, idan akwai masu shan maganin hawan jini ko na rage kitsen jini, kada a sa garehul, wato babban lemon nan mai ɗaci-ɗaci. Yana hana jiki sarrafa wasu magungunan, sai su taru a jini fiye da ƙima. Ba ki san abin da kowane baƙo yake sha ba, don haka barin sa ya fi.

Ɗan Zaure:
Anti, daga haɗa lemo mun koma asibiti. Ba sai a ce kowa ya zo da katinsa ba? Ai 'ya'yan itace ne, lafiya ce zalla, ba irin na kwalba ba.

Anti Nas:
Ƙanina, a nan ne mutane da yawa suke ruɗin kansu. Ruwan lemon zaƙi da aka matse yana da sukari wajen giram 8 zuwa 9 a kowace mililita 100. Lemon kwalba baƙi yana da wajen 10 da ɗoriya. Ka ga tazarar ba ta da yawa. Hukumar Lafiya ta Duniya a ƙa'idarta ta 2015 ta lissafa sukarin ruwan 'ya'yan itace da zuma a sahu ɗaya da wanda ake zubawa da cokali, ta ce kada ya kai kashi 10 cikin ɗari na kuzarin da mutum yake samu daga abinci a rana, in da hali ma kashi 5, wato wajen ƙaramin cokali shida. Kofi ɗaya na haɗin Hajiya Mai Girki ya kusa kai wannan. Ban ce kada a sha ba, taro ne, ba kullum ba. Amma a ware jug ɗaya da ba a sa masa ruwan sukari ba, a rubuta a jiki, don masu ciwon suga su san wanda ya fi musu dama, su ma kuma su sha kaɗan.

Mai Girkin Taro:
Akwai hanyar rage sukari ba tare da an ji ba. Gishiri ɗan kaɗan, kamar rabin ƙaramin cokali a lita 10. Ba za a ji gishirin ba, amma yana danne ɗaci ya fito da zaƙin kankana. Kuma ki yi ɗanɗanonki na ƙarshe bayan ya yi sanyi, don sanyi yana rage jin zaƙi a harshe. Wanda ya daidaita shi da ɗumi, in ya yi sanyi zai ji kamar bai ji sukari ba.

Ga wani abin da ban cika faɗa ba. Ki kankare koren bayan lemon tsami kamar guda goma, koren kawai ban da farin, ki cakuɗa da sukarin da za ki dafa, ki rufe ki bar shi awa biyu. Sukarin zai zuƙo man da ke cikin ɓawon. Da shi za ki yi ruwan sukarinki ki tace. Ƙamshin da zai ba ki, babu ɗan kwalbar ƙamshin da zai kamo shi.

Baƙon Zaure:
Ƙananan kwalaben ƙamshin nan ma a riƙa duba bayansu. Ruwan banila na ainihi a cikin barasa ake jiƙa shi, dokar Amurka ma cewa ta yi sai ya kai kashi 35 cikin ɗari kafin a kira shi da wannan sunan. Akwai kuma wani ruwan ɗaci, Angostura, da za ku gani a girke-girken intanet na abin sha marar barasa ana cewa a ɗiga kaɗan, alhali shi kansa kashi 44.7 ne. Haka kwalaben da aka rubuta ba barasa, a ƙasashe da dama doka ta yarda a rubuta haka ko da akwai har kashi 0.5. Wanda yake son babu ko kaɗan ya nemi wanda aka rubuta 0.0, ko ya tsaya kan soda zalla.

Hajiya Babba:
Allah ya yi maka albarka. Ni shi ya sa citta da na'a-na'a sun ishe ni.

Maman 'Yan Biyu:
Na'a-na'a a markaɗa ta tare da kankanar ko?

Mai Girkin Taro:
A'a. In kin markaɗa, launin zai koma wani iri, ja da kore ba sa ba da abin sha'awa, kuma ɗanɗanon ciyawa zai fito. Ki ɗora ganyen a tafin hannu ki tafa sau ɗaya, ki jefa a jug daf da fitowa. Citta kuma a yanka a dafa tare da ruwan sukari. Ki sa da sauƙi saboda yara.

Maganar soda: mai sanyi ƙarara, a zuba a hankali ta gefen jug, juyi ɗaya. Gas ya fi zama a ruwa mai sanyi, kuma duk wani tsaki-tsakin da ke cikin lemon yana sa shi saurin fita, don haka ki tace da kyau, rariya tukuna sannan ƙyalle mai tsabta. Kada ki sa soda a abin da za ki rufe a gora ki girgiza.

Hajiya Babba:
Ni dai ba na son sodar nan, kumbura ciki take yi. Ruwan sanyi ya wadatar.

Maman 'Yan Biyu:
Hajiya, yara kuwa in babu gas cewa suke ba lemo ba ne.

Autar Mata:
To zan raba. Jug mai soda, jug marar soda, da ƙarami marar sukari. Lemon zaƙi na cire shi. Saura mazubi: babbar tukunyar dalma (alminiyam) ce da ni da wani bokitin ƙarfe sabo fil, wanne zan haɗa a ciki?

Malamin Kimiyya:
Babu ko ɗaya, musamman bokitin. Irin bokitin nan mai ƙyalli an shafe shi da tutiya ne don kada ya yi tsatsa, tsami kuma yana narkar da ita ta shiga cikin abin sha. An sha samun taron da mutane suka kama amai da murɗar ciki cikin ɗan lokaci saboda lemon da aka ajiye a irinsa. Jan ƙarfe ma haka. Dalma ba ta kai su ba, amma tana ba abu mai tsami ɗanɗanon ƙarfe idan ya jima a ciki. Ki nemi silba, ko gilashi, ko robar da aka yi don abinci wadda ba a taɓa zuba fenti ko sabulu a ciki ba. Bokitin ki cika shi da ƙanƙara ki jera goruna, wannan aikin zai yi shi da kyau.

Anti Nas:
Kuma wanda zai matse lemon tsamin nan, lita guda ba wasa ba ce, ya wanke hannu da sabulu har gwiwar hannu kafin ya fita rana. Ruwan da man ɓawon idan suka zauna a fata rana ta buga, ƙuna suke yi kamar ta wuta, wani har da ƙuraje masu ruwa, tabon kuma ya yi watanni.

Maman 'Yan Biyu:
Lita guda lemon tsami nawa ke nan?

Mai Girkin Taro:
Manya masu ruwa, kowanne yana ba da kamar babban cokali biyu, wato talatin da 'yan kai. Idan ƙanana ne ki ninka, ki ƙara goma a kai don wasu busassu ne. Ki murza kowanne a kan tebur da tafin hannu kafin ki yanka, kuma kada ki sa su a firji sai bayan an matse, mai sanyi rowar ruwa gare shi.

Ɗan Zaure:
Auta, nemi mai matsa tun yanzu. Ni hannuna yana ciwo.